Baƙar Kwalbar Malam Sada

Tun da na dawo daga Scotland ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a gidan biki a tare ni, har mai kayan miyan da nake ciniki wurinsa a Ƙofar Kwaya sai da ya ce wai da gaske ne can rana ba ta son faɗuwa. Ƙawata Murja kuwa ba ruwanta da rana, ita dai so take ta ji yadda aka yi mace da hankalinta ta ƙetare teku ta dawo da fankon kwalba a matsayin tsaraba. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ba za a gane tafiyar ba sai an san Malam Sada. Shi ya koya mini dokar sakaci da diyya a jami'a, darasin da nake koyarwa yanzu. Ranar farko da ya shigo ajinmu bai yi mana ko gabatarwa ba, ya zaro wata baƙar kwalba daga aljihun babbar riga ya dangwarar a kan tebur, ya ce wa zai sha. Muka kalli juna. Sai ya ba mu labarin shari'ar da duk ɗalibin lauya a duniya ya sani. Kusan shekara ɗari da ta wuce, a wani gari da ake kira Paisley, wata mata talaka ta shiga shagon shan lemo da ƙawarta. Ƙawar ta saya mata lemon citta a baƙar kwalba wadda ba a ganin cikinta. Ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo. Ta kwanta ciwo. Ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa, kuma a dokar wancan zamani wannan kusan ya rufe mata ƙofa. Ta kai mai kamfanin lemon ƙara duk da haka, har magana ta kai kotun ƙoli ta ƙasar, aka yanke cewa wanda ya cika kwalba ya rufe, wajibi ne a kansa ya kula da wanda zai sha, ko bai san shi ba. Maƙwabcinka a doka shi ne duk wanda aikin hannunka zai taɓa, har ya kamata ka tuna da shi lokacin da kake aikin. Malam ya ce mu da aka yi wa wasiyya da maƙwabci tun muna riƙe da allo bai kamata wannan ya ba mu wahala a jarrabawa ba. Ya ba mu wahala kuwa.

Yanzu Malam ya tsufa, yana zaune a gidansa na Ƙofar Guga da matarsa Hajiya Yalwa, kuma ciwon suga ya tafi da idanunsa. Makantar ya karɓe ta da haƙuri. Abin da ya karya shi ƙarami ne: wata safiya yana shan kunun gyaɗa ya ji wani abu a harshensa, ya tofar, aka duba ashe ɗan kyankyaso ne, Allah kaɗai ya san ta inda ya faɗa. Daga ranar ya daina cin duk abin da ba shi ya ɓare da hannunsa ba. Ayaba, dafaffen ƙwai, gyaɗa mai ɓawo, sai ruwan leda da zai huda da haƙorinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, balle mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana karanta hanyoyin da sakaci ke kashe mutane. Likita ya yi faɗa, 'ya'ya sun yi lallashi, a banza. Ya rame har rigunansa suka koma kamar na aro. Hajiya kuwa kullum sai ta dafa, ta kai, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi.

Da aka gayyace ni taron malaman shari'a a Glasgow, na je yi masa sallama. Na same shi a tabarma a ƙofar ɗakinsa, muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da aiki da gajiya, ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba.

"Rabi, garin da za ki ai kusa yake da garin dodon koɗi," in ji shi. "Ki tahi ki gano mani wurin, tunda ni nawa idanun sun yi ritaya. Kuma ki sawo mani kwalba guda ta lemon citta, baƙa, a rufe."

"In na kawo za ka sha, Malam?"

"Wannan zan sha. Mutanen da aka kai su ƙara kan kwalba tun kakanninsu, ai sun koyi wanki."

Ya yi dariya, ni ma na yi. A zaure Hajiya ta tsayar da ni, ashe duk ta ji. Ta ce, "Kin ji ko, ɗiyata? Ya yarda da Baturen da bai taɓa gani ba, ni da na tsufa ina dama mashi…" Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ki dai kawo. In ya buɗe baki ya sha wannan, ƙila ya sha wani." Na fita da nauyi a zuciyata, don na san ba tsaraba aka aike ni ba.

Daga Katsina zuwa Kano a motar haya na tafi. Direba ya cusa mutum biyu a kujerar gaba, ya ɗaure buhuna a but har murfin ya ƙi rufuwa. Wani dattijo ya yi ƙorafin gudu bayan mun wuce Kankiya, direban ya ce, "Alhaji, wanda ya shigo ai ya yarda." Na yi murmushi, don akwai ƙa'ida a littattafanmu mai cewa wanda ya amince da haɗari da kansa ba ya neman diyya, kuma ina da amsoshi masu kyau da ke rushe ta a irin wannan hali. Na dubi allurar gudun motar, na ga ba lokacin lacca ba ne, na ci gaba da salati. A jakata akwai kilishi da dambun nama da yayata ta haɗa mini, ta ce ta ji labarin abincin Turawa ba ya riƙe ciki.

Jirgi bai ba ni labari ba, barci na yi da ciwon wuya. A Landan aka fara. Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce taro, kuma ina so in ga inda aka tsinci dodon koɗi a kwalba. Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ce ƙanwarsa ma lauya ce kuma ita ma haka take, ya buga mini hatimi. Ina murna na tsallake, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina kamar an aiko shi gaisuwa. Wata jami'a ta buɗe, ta zaro kilishin yayata da yatsu biyu cikin safar hannu, ta ce ba a shigo da nama ƙasarsu. Na ce wallahi ban sani ba. Ta ce ta yarda ban sani ba, amma wannan ba ya canza komai. Ni da nake rubuta wa ɗalibai a allo kowace shekara cewa rashin sanin doka ba uzuri ba ne, ranar na ji yadda maganar take a kunnen wanda ake gaya wa. Suka kwashe kilishi da dambu, suka bar mini ƙullin yaji bayan jami'ar ta shinshina ta yi atishawa. Karen dai na yafe masa, aikinsa yake.

A jirgin ƙasa zuwa arewa na gaida matar da ke kusa da ni, na tambaye ta mutanen gida. Ta ce lafiya, ta jawo jakarta kusa da ita. Ban sake ba. Amma da muka shiga Scotland sai na ga mutanen sun fi sakin fuska, sai dai Turancinsu ne ban san inda aka dafa shi ba. Na yi digiri uku da harshen nan, direban bas a Glasgow ya yi mini magana na tsaya ina kallon bakinsa.

Bas ɗin nan na shige shi da wata manufa. A darasinmu, in kotu za ta auna ko mutum ya yi sakaci, takan gwada shi da wani mutum na misali mai matsakaicin hankali, kuma alƙalan Ingila na dā sun ce shi ne talakan da za ka gani zaune a bas. Shekaru ina koyar da wannan bawan Allah ban taɓa ganinsa ba, sai na ce bari in duba. Na ga wani da koren gashi. Na ga wani ƙato da gajeren wando cikin sanyin da ni na sa rigar sanyi biyu, yana cin soyayyen dankali a takarda. Na ga wata tsohuwa tana hira da karenta tana jiran amsa. Har na fid da rai, sai na lura duk wanda zai sauka, har mai koren gashin, sai ya tsaya ya yi wa direba godiya. Na ce to, ƙila dai yana cikinsu.

Saboda saƙon Malam ban sauka a otal ɗin taro ba, na kama ɗaki a Paisley a gidan wata dattijuwa mai suna Moira, wadda mijinta ya rasu, take zaune ita da wata ƙatuwar kyanwa mai raina baƙi. Tun a bakin ƙofa ta kira ni da wata kalma da ke nufin kaza, na ɗaure fuska, daga baya na gane haka suke kiran mace in suna sonta. Na leƙa banɗaki babu buta. Na yi ta kwatance da hannu, ta tafi lambu ta dawo da abin ba furanni ruwa mai dogon hanci, ta wanke ta ba ni, ba ta tambayi komai ba. Ta kuma sa jikanta ya duba mata alƙibla a waya, ta manna ɗan zare a kafet don kada in ɓata. Maƙwabcinta na jikin bango kuwa ba ta san sunan mahaifinsa ba, ba ta taɓa shiga gidansa ba, amma duk ranar kwasar shara ita ke jawo masa kwandonsa saboda ƙafarsa. Na gaya mata a unguwarmu mun san har abin da maƙwabci ya ci jiya. Ta ce Allah ya kiyashe ta.

Abinci ne ya raba mu. Safiyar farko ta kawo mini faranti, ta ce ta cire naman alade tunda ta san ba ma ci. A gefe akwai wani abu baƙi, zagayayye. Na tambaya, ta ce da jini ake yin sa, cikin fara'a kamar mai ba da albishir. Daga nan zuciyata ta rufe. Duk abin da aka ajiye gabana sai in ga kamar akwai wani abu a ƙarƙashinsa. A wurin taro ma haka, ana ta muhawara kan haƙƙin mai saye a zamanin cinikin waya, ni hankalina yana kan miyar da ban san da me aka yi ta ba. Na koma ayaba da burodi da dafaffen ƙwai. Kowace yamma Moira ta kawo mini kwanon miya mai tururi, in ce na ƙoshi, ta ɗauka ta juye a tukunya. Wata safiya ina zaune bakin gado ina ɓare ƙwai, na dubi hannuna na ga hannun Malam Sada. An ce baƙo makahon gari ne, ban taɓa zaton har cikin kwano ba.

Ranar da ta fi kowace ruwa, na dawo daga taro ban same ta ba. Can sai ga ta jiƙe sharkaf, ledoji a hannu biyu. Ta hau bas har cikin Glasgow, wurin wani mahauci Musulmi da ta tambaya aka kwatanta mata, ta sayo naman rago. Ta kuma sayo sabuwar tukunya, takardar kanti na manne a gindinta. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa. Da ta fito ta ajiye kwanon a gabana, ta zauna a kujerar da ke fuskantata.

"Ba zan iya nuna miki ragon ba," in ji ta. "Maganata kawai gare ki."

Na dubi miyar. Babu abin da idona zai iya tabbatar mini, nama nama ne. Na dubi gashinta da ke ɗigar ruwa, na yi bisimilla na kai cokali. Sha'ir ne da karas da naman da ya dahu har ya saki, babu ko ɗigon barkono. Na haura ɗaki na ɗauko yajin da ya tsira daga hannun hukuma na barbaɗa. Ta ce ita ma a sa mata, ta kai loma ɗaya, ta yi ta tari da hawaye tana dukan tebur, kyanwa ta gudu. Da muka gama dariya ta tsaya tana kallona har na sha kwano na biyu. Ta ce tun rasuwar mijinta ba ta da wanda za ta dafa wa. Ta ce ba asarar abincin ke damunta ba in an dawo da shi, a'a, kwanon da ya dawo a cike yana gaya maka abin da ake zato game da hannunka. Kunya ta kama ni, na kuma ji son matar nan ya shiga raina a zaman nan.

Ita ta raka ni wurin dodon koɗi. A garin aka haife ta, amma abin da ta sani kawai shi ne akwai wasu baƙi masu baƙaƙen kwat da kan zo su ɗauki hoto a wata kusurwa. Shagon babu shi, an rushe tun tuni. Bakin titi ne kamar kowane, da ɗan fili da benci da dutsen tunawa mai rubutu, motoci na wucewa. Na yi zaton zan ga abin da ya kai girman shari'ar. Na tsaya na tuna ajinmu da zafin rana da fankar da ba ta juyawa da Malam yana ɗaga baƙar kwalba, mutumin da bai taɓa fita daga Najeriya ba sai aikin Hajji amma ya san wannan kusurwa kamar ƙofar gidansu. Hawaye suka zo mini. Na shafa dutsen da tafin hannu, na auna tsawon bencin da taku, don in iya gaya masa da abin da zai gane.

Moira ta ce, "To, da gaske akwai dodon koɗin?" Na gaya mata abin da Malam kan ajiye sai ƙarshen darasi: ba a taɓa tabbatarwa ba. Kotun ƙoli cewa ta yi a ɗauka matar gaskiya ta faɗa, a fara duba ko doka ta ba ta hanya. Kafin a dawo a saurari shaidu mai kamfanin ya rasu, magadansa suka sasanta. Moira ta girgiza kai ta ce ashe lauyoyin duniya duk a kan maganar mace ɗaya suke cin abinci.

Daga nan muka shiga kanti. Kamfanin dā ya daɗe da mutuwa, amma na samu lemon citta na wani kamfanin a kwalba mai duhu, Moira ta sa tabarau ta karanta mini duk abin da ke ciki ta tabbatar babu giya. Akwai wata shari'ar ma da muke koyarwa a kan irin wannan kanti, wadda ta ce kayan da ke kan kanta ba tayi ba ne, ciniki ba ya faɗawa sai a wurin biya. To a wurin biyan ban samu mutum ba, na'ura ce ke magana. Babu taya, babu albarka, babu a ƙara mini, babu Allah ya amfana. Na ji kewar mai kayan miyana.

Ranar komawa Moira ta rungume ni ta kira ni kaza, ni ma na kira ta. Kwalbar na naɗe ta da zane na sa a jakar hannu, don na san yadda ake jifa da akwatuna, kuma wannan ba abin da zan bari ya fashe ba ne. A filin jirgi, sai da akwatina ya shige, na zo wurin bincike, na'ura ta yi ƙara. Wani matashin jami'i ya zaro kwalbar ya ce ruwa mai yawan haka ba ya wucewa. Na san dokar, amma na ɗauka abin da kamfani ya rufe daban ne. Na gyara tsayuwa na yi masa bayanin da nake yi wa 'yan aji biyu, cewa akwai bin lafazin doka akwai kuma duba manufarta, kuma manufar wannan ita ce hana abin cutarwa, ba hana tsoho makaho shan lemo ba. Ya saurare ni har ƙarshe da ladabi. Ya ce shi ba alƙali ba ne, ko in shanye ko in jefa a kwando.

Na tsaya a gefe, layi na kallona, na buɗe tsarabar Malam na shanye. Gas ya hau mini hanci, citta ta ƙona mini maƙogwaro, hawayen da ke zuba ban san na wanne ba ne. Na roƙi fankon da murfinsa, ya ce wannan doka ba ta hana ba.

A jirgi ban runtsa ba. Shaiɗan ya zo da shawara mai sauƙi: a samu lemon citta a Kano, a ɗura, a matse murfi, ai ba gani yake ba. Na juya ta na sake juyawa, ban iya jefar da ita ba har muka sauka.

Washegarin isowata Katsina da hantsi na tafi Ƙofar Guga, na zarce kicin wurin Hajiya kafin Malam ya ji muryata. Na ba ta labari, na miƙa mata fankon. Ta juya shi a hannu. Ta ɗora ruwan zafi ta wanke kwalbar ciki da waje, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, ta kife ta a rana. Ta daka citta da kanumfari, ta matse lemon tsami, ta tace da farin ƙyalle, ta sake tacewa, ta ɗaga kofin ga haske ta duba kafin ta ɗura. Da ta rufe, na yi ƙasa da murya na ce, "Hajiya, ko in ce mashi na can ne? Ya dai sha."

"A'a," in ji ta. "In ya sha da ƙarya, ba nawa ya sha ba. Ki hwaɗa mashi gaskiya."

Na same shi inda na bar shi, sai dai ya ƙara zubewa, wuyansa kamar a ƙirga jijiyoyin. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mini barka da sauka, ya tambayi hanya da sanyi da mutanen can. Na ba shi labarin karen da ya kama kilishi, ya yi dariya har da tari, ya ce a rubuta a allo. Na kwatanta masa kusurwar titin da sanyin dutsen da tsawon bencin, yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, kamar shi ya je ni nake tambaya. Na ba shi labarin Moira, da kwanon da na yi ta mayarwa, da ruwan da ya dake ta, da abin da ta ce game da kwanon da ke dawowa a cike. Nan bai yi dariya ba. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, na san ya ji numfashinta.

"Ina saƙona?" ya ce.

Na sa masa kwalbar a hannu. Ya shafa ta daga gindi zuwa wuya, ya tsaya a murfin.

"An buɗe."

"An buɗe, Malam. Ni na shanye a filin jirgi, dole aka yi mani. Kwalbar ce ta can, abin da ke ciki na nan ne."

"Wa ya cika?"

"Ni ce," in ji Hajiya daga bakin ƙofa.

Na ji tsoro ƙwarai, na ce a raina na ɓata komai, da na bi shawarar da Shaiɗan ya ba ni a jirgi. Malam ya riƙe kwalbar da hannu biyu a kan gwiwarsa.

"Rabi, wane ne maƙwabci a doka?"

Na amsa kamar ina aji: wanda aikin hannunka zai taɓa, har ya kamata ka tuna da shi lokacin da kake aikin.

"Ni yanzu kowace kwalba baƙa ce," in ji shi a hankali. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. "Yalwa, kin tuna da ni da kina yi?"

"Da wa zan tuna?" ta ce.

Ya murɗe murfin, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Bai sauke ba sai da ya wuce rabi. Ya goge baki da bayan hannu, ya yi hamdala, ya ɗan ɓata fuska.

"Babu sikari."

"Likita ya hana," in ji Hajiya.

"To. Mi kika dafa yau?"

Sai ƙarar takalminta muka ji ta nufi kicin da saurin da ban san tana da shi ba, sannan ƙarar murfin tukunya. Malam ya laluba ya ajiye kwalbar kusa da ƙafarsa inda hannunsa zai kai, ya ce in matso da tabarma, yau tare za mu ci.

Na aika wa Moira hoton kwanon bayan mun gama. Kwalbar tana nan a Ƙofar Guga, kowace safiya Hajiya na wanke ta ta cika. Murja, fankon da kike tambaya ke nan.